Ƙwan Zabuwa a Tsakiyar Rani

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya raya mu a zamanin Shehinmu, malami masani, arifi billahi, ma'abocin zuhudu da tsantseni, wanda ya karantar da Fiƙihu da Tafsiri a zaurensa, a wani ƙauye gabas da Zakirai, har gemunsa ya yi fari fat bai taɓa ɗaga wa ɗalibi murya ba. Karamominsa suna da yawa, amma wadda zan faɗa a gidanmu ta faru, kuma da idona na gani.

Ƙanwata Aina'u ta sami ciki tun 'yarta Khairat ba ta isa yaye ba, sai aka cire yarinyar daga nono aka kawo ta ɗakin mahaifiyarmu, Inna Hure. Da Aina'u ta haihu ta zo gida wankan jego, Inna ta tsaya a kanta tsayin daka, kunun kanwa da safe, farfesun ƙafar sa da rana, tuwo yana ninƙaya a man shanu da daddare, don kada dangin miji su ce mun mayar musu da mata a rame. Aka yi arba'in ba a sauke tukunyar nan ba. Aina'u ta yi ƙiba har sai ta dafa bango take miƙewa, Inna kuwa sai murna take yi.

A tsakar gidan nan guda, Khairat koko take sha, sai tuwo a kwano ɗaya da manyan yara, kafin ta kai loma baki sun suɗe. Ƙwai kuma Inna ta haramta mata, domin a wurinta yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo yake tashi. Yarinya ta daina tafiya, gashinta ya yi ja, ƙafafu suka kumbura, ko kukan kirki ba ta iyawa. Mata suka fara raɗe-raɗin kurwarta aka kama. Ni dai tsoro ya kama ni, don na ga muna gab da rasa ta.

Muka kai ta gaban Shehi, ni da Inna da Aina'u. Kafin wani ya buɗe baki, ya ɗora hannunsa mai albarka a kanta, ya ce cikin natsuwa, "Ba wanda ya kama ta. Rabonta ne yake shiga kwanon uwarta." Aina'u ta dubi damatsanta, ta dubi na 'yarta, ta fashe da kuka.

Ya yi rubutu a allo ya miƙo mini. "A wanke a kunun gyaɗa, a haɗa mata da dafaffen ƙwai, a kwanonta ita kaɗai, uwarta ta ba ta da hannunta. Gobe ku kai ta asibiti, su ma Allah Ya ba su nasu sanin."

Inna ta gyara lulluɓi ta ce, "Allah gafarta Malam, ƙwai ga yarinya? Kai, ina ma na gan shi? Kajina ciwo ya kwashe, zabina kuwa ba sa yi sai ruwa ya sauka."

Shehi ya yi murmushi. "Hure, ki duba gindin rumbunki."

Lokacin rani ne sosai, ko ciyawa ɗanya babu a karkara. Muna isa gida Inna ta durƙusa ta zura hannu ƙarƙashin rumbu, ta zaro ƙwan zabuwa da ɗuminsa. Ta zauna daɓas a ƙasa tana salati. Tun daga ranar kullum safiya sai an sami ɗaya, maƙwabta suna zuwa kallo, alhali nasu zabin ko alama. Aka raba kwanon maijego, aka riƙa zuwa asibiti, kumburi ya saɓe, Aina'u ma jiki ya yi mata sauƙi har ta koma surfe.

Wata safiya Inna tana ɓare ƙwai, sai Khairat ta miƙe da ƙafafunta, ta tako, ta fizge shi daga hannunta ta tura a baki. Inna ta rungume ta tana dariya, hawaye na zuba, tana cewa, "Sace, 'yar nan! Sace duka, na yafe miki!" Washegari aka duba gindin rumbu, babu komai, kuma zabuwar ba ta sake yi ba sai da damina ta faɗi.

Tsarki ya tabbata ga Wanda yake girmama bayinSa salihai da abin da Ya so. Ya Allah Ka haskaka makwancin Shehinmu, Ka saka masa da Aljannar Firdausi, Ka sa albarkarsa ta bi mu da zuriyarmu, kada Ka bar yaro da yunwa a gidan da tukunya take tafasa. Amin.