Notin Da Mode Ya Jefa Cikin Sabara

Ɗiyana, maza da mata, kowa ya aje abin da ke hannunsa ya karanta wannan har ƙarshe. Kada wanda ya rubuto mini "Allah ya kyauta" tun bai kai rabi ba. Raina a ɓace yake.

Akwai wani bakanike a Bodinga, sunansa Maniru. Garejinsa rumfar kwano ce kawai a bakin titi, amma direbobin Danchadi da na Kajiji sun san hannunsa. Yana da wa mai suna Mode, direban wata ƙatuwar a-kori-kura, irin wadda ke ɗaukar buhun albasa ashirin ba ta yi nishi ba.

Wata Laraba Mode ya kawo motar, ya ce tayoyin baya suna gurnani. Ya jefa wa ƙanensa makulli ya tafi shan fura.

Maniru ya ɗaga ta a jak, ya zare sandar aksul, ya leƙa. A can ciki akwai notin da ke riƙe da kan tayar gaba ɗaya, faɗinsa kamar bakin kofin shayi. Tsohon yayi noti biyu ne, da wani faifan ƙarfe mai kunnuwa a tsakani. In an ɗaure, sai a lanƙwasa kunne ɗaya ya kama notin kada ya juya. To na Mode kunnuwan duk sun kakkarye. Notin kansa kuwa duk sara ne, don Mode bai taɓa sa masa sufana ba. Cizal yake kafa masa ya bi da guduma.

Maniru yana da sabon samfuri guda biyu a kwali: noti ɗaya tal mai makullinsa a jiki, wanda ake ɗaurewa da sufana mai awo, ta yi ƙas in ya kai. Ya sa sabon boris, wato ƙwallayen da taya ke juyawa a kansu, ya cika giris, ya ɗaura ɗaya a tayar dama. Yana cikin kwance ta hagu Mode ya dawo.

"Kai, mi kas sa mini ga mota?"

"Yaya, sabon noti ne. Wancan ya gama aiki, dubi kunnuwan."

"Noti guda? Inda masu mota sunka sa biyu, kai mai koyon aiki ga waya ka sa guda?"

Direbobin da ke zaune a benci suka tuntsire da dariya. Mode ya ƙara ɗaga murya.

"Shekara ashirin da biyu ina bisa titi. Ranar da na fara riƙon sitiyari kana yawo ba wando!"

Maniru ya ɗaga sabon notin da ya rage. Ya ce, "Yaya, don Allah ko na hagun nan ka bari in sa. Shi ya fi saurin kwancewa, don juyin tayar hanyar warware shi yake bi."

Mode ya ture shi gefe. Ya mayar da tsohon notin da faifansa marar kunne, ya kafa cizal, ya narka masa guduma sau huɗu.

"Ka ji? Hakanga ƙarfe ke jin magana."

Maniru ya mayar da sabon notin da ya rage cikin kwali, ya ɗora a kanta.

Kwana tara aka yi. Da hantsi, Mode ya taso daga Kajiji zuwa Shagari da lodin albasa, mata 'yan kasuwa uku suna zaune a kan buhuna. Ana cikin tafiya sai tayar hagu ta fice da sandarta, ta wuce motar a guje ta faɗa gona. Motar ta durƙusa gefe guda. Albasa ta watse a titi, wata mata mai suna Dije ta faɗo ta karye a hannu. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba.

Kafin la'asar Mode ya gama zaga tasha da bakinsa: "Gwajin Maniru ne. Noti guda yas sa mini, ya tashi kashe ni da mutane." Ya sa aka ja motar zuwa wani gareji a Shagari, ya hana ƙanen ko leƙa ta.

Sau ɗaya Maniru ya same shi a zaure, su biyu, ya ce, "Yaya, wace taya ce ta fita?"

"Au, ni kake tuhuma?"

Shi ke nan. A gidansu ƙane ba ya ƙaryata wa a gaban mutane, haka aka tashe su. Maniru ya yi shiru, shirun kuwa ya ci shi. Wani ya zo ya sauke motarsa daga jak ba a gama aikin ba. Matarsa Sa'adatu ta je suna, aka nuna ta da baki ana cewa ga matar mai kwance wa mutane taya. Mako uku yana buɗe rumfa da safe, ya share, ya zauna yana kallon titi har magariba.

Ranar da ta cika mako uku, direbobi suna shan shayi kusa da garejin, Mode a tsakiyarsu, sai ga Dije ta sauko daga keke mai ƙafa uku, hannunta ɗaure da karan ɗori. Ba ta gaida kowa ba. Ta kwance haɓar zaninta da haƙori, ta saki wani ƙarfe a kan teburin mai shayi.

"Mode, ka san wanga?"

Mode ya ce bai sani ba.

"Ni na san shi. Ina zaune gindin aduwa da hannuna yana lilo, ko sannu ba ka ce mini ba. Ka bi tayarka gona, ka zare wanga daga sanda, ka waiga nan, ka waiga can, ka wurga shi cikin sabara. Ni ban san ƙarfe ba, amma na san waigen marar gaskiya. Da hannu guda na ja jiki na ɗauko shi. Kuma bisa tayar hagu nike zaune, kada wani ya ce mini dama!"

Wani tsohon direba, Malam Khalid, ya ɗauki notin ya jujjuya. Ya ce, "Wanga saran cizal ne. Kuma gabanmu anka yi shi, muna dariya."

Maniru ya shiga rumfa ya fito da kwalin. Ya buɗe shi ya ce, "Biyu ne. Ga guda, ko giris bai taɓa ba. Ɗan'uwansa yana tayar dama, ku tai Shagari ku duba."

Mutum biyu suka hau babur. Kafin azahar suka dawo suka ce tayar dama tana nan daram, ko girgiza ba ta yi.

Mode ya riga ya bar shayinsa rabi ya sulale.

Yanzu motoci layi suke yi a rumfar Maniru, kowa so yake a canza masa notin baya. Matan albasa kuwa sun ce ko kyauta ba su hawa motar Mode. Amma har yau bai taka ƙafa ya ba Dije haƙuri ba, bai ba ƙanensa ba. Wata biyu ke nan shi da Maniru ba su ci tuwo a kwano ɗaya ba.

Darasi: Shekarunka ba su ɗaure noti. In mai sani ya nuna maka ɓaraka, ka saurara ko da kai ka goye shi. In kuma ka yi kuskure, ka ɗauki kayanka, kada ka aza wa wanda kunya ta hana shi ƙaryata ka. Ku tura wa duk direba da bakaniken da kuka sani.

Ku kuma na cikin gida, kun san su biyun ni na haife su. Notin da Dije ta tsinto yana cikin kwanon goron da ke ɗakina, ba kuma zan ɗauke shi daga nan ba. Halima, Naziru, ku tasa yayanku Mode gaba, ku fara da gidan Dije a Kajiji, sannan rumfar Maniru, da motar, a ɗaura mata na hagun a gabansa. Ku kashe maganar nan kafin Juma'a.