Ranar da Albarka Ta Sayar a Tayin Farko

Akwai wata mata mai sayar da tukwane da kwanuka a layin farko na kasuwa, daf da ƙofa. Mijinta ya rasu shekara tara da suka wuce, ya bar mata shago da ɗa guda. A bara ta rasa haƙoranta biyu na gaba, ta rasa ƙarfin hannunta na dama, ta rasa cinikin sassafe. Abin da ta samu kuwa bai cika tafin hannu ba: ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da yamma, da maƙwabciyar da suke gaisawa yanzu. Ku auna da kanku ko cinikin ya faɗi.

A kasuwa ba a kiranta da sunanta. Albarka ake ce mata, domin kalmar da ta fi fita daga bakinta ke nan. Ka taya tukunya, ta ce albarka. Ka ƙara, ta ce albarka, ko ɗago kai ba za ta yi ba. Sai ka tafi ka dawo sau biyu kafin ta ce ta sallama, shi ma kamar ana cire mata ƙaya a ƙafa.

Ɗan nata gyaran firij yake yi. Babana take ce masa. Ya daɗe yana so ta rufe shagon ta koma gidansa ta huta, kuma amsar da masu saye suke samu ita yake samu. Shagon nan ita da marigayi suka kafa shi tun yana tebur ɗaya da rumfar buhu. Da ya rasu ba ta yi wani kuka mai yawa ba. Ta dai ci gaba da buɗe shago da rufe shago, kwanaki suna wucewa. In aka karɓe makullin, ba ta san abin da za ta yi da safiya ba.

Tana da ciwon suga, irin wanda yake zuwa wa mutum bayan ya manyanta. Shekara shida tana shan ƙwaya iri biyu, wata fara babba, wata 'yar ƙarama. Ba ta san sunansu ba, da girmansu take gane su.

Wata rana Babana ya raka ta asibiti. Likita ya duba awonta, ya ce zai sauƙaƙa mata, zai rubuta mata ƙwaya ɗaya wadda aka haɗa magungunan nan biyu a cikinta.

A tagar magani wata yarinya mai tabarau ce ta miƙo kwalin.

"Mama, wannan ɗayar ita ce ta maye gurbin biyun can. Ɗaya da safe, ɗaya da yamma, kuma tare da abinci. Tsofaffin ki daina su gaba ɗaya. In akwai ragowa ki kawo mana."

Albarka ta juya kwalin kamar tana duba gindin tukunya.

"Biyu sun koma ɗaya?"

"Biyun suna ciki, Mama."

"'Yata, a kasuwa na tsufa. Duk abin da aka haɗa aka ce saiti ne, akwai wanda aka rage wa nauyi a ciki."

Yarinyar ta yi murmushi, ta yi rubutu a jikin kwalin, layi uku. "Ga shi na rubuta. Kina iya karantawa, ko in sake maimaitawa?"

"Tun ba a haife ki ba nake karanta mutane."

Gaskiyar magana, Albarka tana gane lamba, tana haɗa manyan baƙaƙe a hankali in ba wanda yake kallonta. Rubutun hannu mai haɗe kuwa bai bambanta da sawun kaji a wurinta ba. Amma ba za ta faɗi wannan a gaban layi ba, balle ga 'yar cikinta. Babana yana waje yana amsa waya, bai ji komai ba.

Maganar saiti kuwa ba daga sama ta ɗauko ta ba. Ita kanta in ta haɗa tukwane biyar saiti guda, ta ukun takan zama marar kauri. Kowa a layin yana yi. Shi ya sa ta tabbata ƙwaya ɗaya ba za ta cika mudun biyu ba.

Ga kuma gwangwanin madara a kan tagar ɗakinta a gida, cike da tsofaffin ƙwayoyi, na kusan wata uku. Abin da ta saya lafiyarsa lau, ba ta ga dalilin mayar wa wani shi ba. Sai ta yanke wa kanta hukunci: za ta sha sabuwar, ta bi ta da tsofaffin biyu a matsayin gyara, har gwangwanin ya ƙare.

Kwana huɗu tana haka. Wajen hantsi takan ji hannunta yana rawa, gumi yana tsatso mata a wuya, zuciya tana bugu, ga wata yunwa kamar ba ta karya ba. Sai ta ɗan tauna wani abu, abin ya lafa. Ta ce zafi ne. Ba ta gaya wa kowa ba.

A rana ta biyar motar kaya ta iso da sassafe. Wanda ya makara sai ya tarar an tsince masu kyau. Albarka ta watsa ƙwaya uku a baki, ta kora da ruwa, ta ɗauki mayafi ta fita, ciki ba komai. Ta tsaya a bayan motar tana ja da mai kawo kaya har rana ta ɗaga. Ta ci nasara a kansa kamar kullum. Da ta dawo shago, rigarta ta jiƙe sharkaf.

A gefen shagonta akwai wata mata mai sayar da tsintsiya da moda. Shekara huɗu ba sa magana. Dalilin taƙi ɗaya ne na ƙasa: tsintsiyoyinta sukan tsallake layin siminti su shiga gaban tukwane, Albarka ta ture su da ƙafa. Ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Wata mai saye ta tsaya, ta nuna babbar tukunyar da take sama a kan kanta, ta taya ta da tayin rainin wayo, irin wanda ake yi don a buɗe baki kawai.

Albarka ta ce, "Ɗauka."

Mai sayen ta tsaya. "Na'am?"

"Na ce ɗauka. Bari in sauko miki da ita."

Mai Tsintsiya tana ɗaure kaya, sai hannunta ya tsaya. Shekara ashirin tana jin muryar nan ta gefen kunnenta, ba ta taɓa jin ta sayar a tayin farko ba. Ta juyo. Ta ga idon Albarka yana kallon wuri ɗaya, leɓenta yana motsi, gumi yana ɗiga daga haɓarta. Mijin Mai Tsintsiya yana da ciwon suga, ta san wannan fuskar.

"Ke, kar ki hau bencin nan."

Albarka ta riga ta hau. Ba ta ji faɗuwar ba. Abin da ta sani kawai, ƙarar kwanuka ta yi ta yi kamar a wani layi mai nisa, kuma siminti yana da sanyi a kumatunta.

Mutane suka taru. Wani ya ce aljanu ne, wani ya ce a zuba mata ruwa.

"Ku matsa ku ba ta iska," in ji Mai Tsintsiya. Ta tallafo ta, ta jingina ta da ƙirjinta. "Albarka, kina ji na? Wace ce ni?"

"Mai... cin iyaka."

"Da sauranta. Mai shayi, suga cokali huɗu a rabin kofin ruwa, yi sauri."

Ta sa ta tofar da jinin bakinta tukuna. Ta tabbatar idonta biyu kuma tana iya haɗiya, sannan ta riƙa ba ta kaɗan-kaɗan. Ta gaya wa masu kallo cewa da a sume take, ba a ɗura wa mutum komai, asibiti ake yi da shi kai tsaye. Kafin a sami mota, idon Albarka ya fara dawowa. Ta ga hannunta na dama ya karkace ta inda hannu ba ya karkacewa. Ta dube shi kamar na wata.

A asibiti aka ɗaure hannun, aka sa mata ƙarin ruwa. Da la'asar sugan ya sake faɗuwa, don maganin bai gama fita daga jikinta ba. Likita ya ce ba za ta koma gida ba sai an ga ya tsaya, aka kuma ɗebi jini a duba ƙodarta.

"Mama, yaya kike shan maganin?"

"Yadda aka ce."

Surukarta, matar Babana, da aka aika gida ɗauko kaya, ta buɗe jaka ta ajiye gwangwanin madara a kan gado, kusa da sabon kwalin. Albarka ta kalli silin.

Likita ya girgiza gwangwanin. "Kin sha magani ɗaya sau biyu, kuma ba abinci. Ƙaramar nan aikinta sauke suga, ko kin ci ko ba ki ci ba. Tana cikin sabuwar, ga ta kuma a nan. Da a ɗaki kike ke kaɗai, da wani labarin ake yi yanzu."

Ba ta ji tsoro ba. Ba ta ji kunya ba ma a lokacin. Tana dai ta kai harshe inda haƙoran suke a da.

Washegari yarinyar mai tabarau ta shigo ɗakin. Albarka ta jira a ce mata ai an gaya mata. Yarinyar ta ja kujera ta zauna.

"Sannu, Mama. Ya hannun?"

"Yana nan."

"Laifina ne da na bar ki da rubutu. Ya kamata in sa ki maimaita min da bakinki."

Albarka ta ce, "Ba na gane rubutun haɗe."

"To ai shi ke nan."

Ta ɗauki biro ta zana faranti da ƙwaya ɗaya a gefensa, rana tana fitowa. Ta sake zana faranti da ƙwaya ɗaya, rana tana faɗuwa. Ta ce in ta manta har lokacin ta gaba ya zo, kar ta haɗa biyu don ramuwa. In amai ko gudawa ya kama ta har ba ta iya cin abinci, kar ta yi shawara da kanta, ta zo ko ta kira. Duk wani magani da wani zai ba ta, na asibiti ko na gargajiya, ta nuna kwalin nan tukuna. Sannan ta sa ta maimaita, kamar 'yar aji ɗaya. Albarka ta maimaita.

Ranar da aka sallame ta, Babana ya zauna a bakin gadonta na gida. Makullin shagon yana hannunsa, Mai Tsintsiya ce ta rufe ta ba shi. Ita ce kuma ta aiko da haƙoran biyu a ƙulle cikin ƙyalle, wai ko za a buƙata.

"Mama, shago ya ƙare. Za ki dawo wurinmu."

"Albarka."

"Ba ciniki muke ba."

"Komai ciniki ne, Babana. Taya."

Ya shafa fuska. "To. Ba fita sai kin karya kin sha magani a gaban matata."

"A gaban matarka? Ni?"

"Ko ki kira ta a waya tana ji kina haɗiya."

"Wayar. Ci gaba."

"Ba motar sassafe. Ba hawa benci. Gwangwanin nan ya koma asibiti yau. Suga a ƙulle a jakarki kullum. Ranar awo ba fashi, ko kasuwa tana ci kamar me."

"Motar sassafe ita ce cinikin. Ka bar min ranar mota kawai."

"Ranar mota ce ta kai ki ƙasa."

Ta taya daga nan, ta taya daga can. Ta ce rabin kwana, ta ce sau ɗaya a wata. Yaron da ta goya ya ce mata albarka sau uku, da irin muryarta, ko ɗago kai bai yi ba.

"Akwai saura," in ji shi. "Mai Tsintsiya ta ce za ta riƙa sa miki ido. Ba ta nemi komai ba."

"Ba a karɓar kaya kyauta. Gaya mata taƙin nan nata ne. Ta baza tsintsiyarta."

Ta miƙa hannun hagu. Bai sake makullin ba sai da ta faɗa da bakinta.

"Ƙarfe tara zan buɗe, bayan na ci. Ƙwaya ɗaya, ba gyara. Haƙora biyu, hannu ɗaya, da taƙin ƙasa. Na sallama."

Har yau masu zuwa da wuri suna wucewa gaba su saya a wani shagon. Tana ganin bayansu in ta iso. Mai Tsintsiya takan leƙo ta ce, "Kin karya?" ita kuma ta ce, "Na karya, sarkin bincike." Ni ce Albarkar. Ban taɓa sayar da kaya da arha irin wannan ba, kuma ban fasa ba. Da hannun hagu na rubuto muku wannan, baƙi ɗaya bayan ɗaya, ku yi haƙuri da daɗewar da na yi.

Darasi: In likita ya haɗa maka magani biyu a ƙwaya ɗaya, biyun suna ciki cif, kar ka ƙara da tsofaffin, kar ka sha da ciki ba komai, kuma in ba ka gane bayanin ba ka buɗe baki ka ce ba ka gane ba. Girman kai ya fi magani tsada. Ku tura wa duk mai ciwon suga a gidanku, wanda ba ya karatu kuma ku zauna ku karanta masa.