Yadda Hankaka Ya Sayar da Tafki da Gaisuwa

Ga ta nan, ga ta nanku. Shiru? To, bari in amsa wa kaina, tunda ku bakinku ya yi nauyi: ta zo mu ji ta. Mutum kamata, da ake aiko wa mota daga garuruwa don ya yi tatsuniya, yau shi ke roƙon a amsa masa. Ba komai.

A wata ƙasa ba sarki, ba gwamna, sai kamfanoni. Wani ya saye hatsi, wani ya saye hanya, wani ya saye har inuwar bishiya. Babbansu shi ne Kamfanin Ruwa, manajansa Alhaji Kada. Masu kamfani suna zaune a Tudu, suna ba ciyawar ƙofar gida ruwa safe da yamma, ciyawar da ba mai ci, ta kallo ce kawai. Sauran dabbobi suna Kwari, suna leƙenta ta shingen waya suna haɗiyar yawu.

Abu ɗaya ya rage wa mutanen Kwari: wani tafki. Takardar da aka sayar da ƙasar ta ce kamfani ba zai taɓa shi ba, sai in mutum uku na Kwari sun faɗa da bakinsu cewa lafiya suke, ba su da damuwa.

Sai Kada ya aiko cewa zai sauko gaisuwa, kwana uku a jere.

A Kwari akwai Malam Hankaka, mai farin ƙirji, wanda ba ya wuce ruwa bai duba fuskarsa ba. Shi ya gane dabarar. Ya tara jama'a ya ce, "Ku dai Allah ya yi ku da kai, amma ni ya ba wa abin cikinsa. In Kada ya gaishe ku, ku ce ba lafiya. Kalma biyu ce. Ko kaza za ta iya."

Kaza ta ce, "Malam, ni me na yi maka?"

Rana ta fari sai ga Kada a doguwar mota, da rikoda a hannu. Ya tsaya gaban Inna Tunkiya, wadda ana ganin haƙarƙarinta tun daga nesa.

Ya ce, "Inna, ina kwana? Ya gida?"

Ta durƙusa ta ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe."

Rikoda ta ce ƙit. Kada ya shiga mota.

Hankaka ya yi tsalle. "Inna! Wace lafiya? Rabonki da dusa tun bara!"

Ta ce, "Ɗan nan, bakin ne ya riga ni."

Sai Hankaka ya kama Baba Jaki, wanda buhunan kamfani suka yi wa gyambo a baya. Wuni guda yana biya masa: ba lafiya, ba lafiya. Baba ya haddace har yana faɗa wa ƙudan da ke bin gyambon.

Rana ta biyu sai ga Kada.

"Baba, sannu da ƙoƙari. Ya jiki?"

"Da sauƙi, Alhaji."

"Ya iyali?"

"Lafiya lau."

Rikoda ta ce ƙit.

Hankaka ya ce, "Baba, da ƙuda ka iya magana, da Kada ka kasa?"

Jaki ya ce, "Babban mutum ya gaishe ni a gaban jama'a, in ce masa me? Ba haka uwata ta rene ni ba."

Hankaka ya ce, "To, na gaji da ku. Gobe kowa ya rufe bakinsa. Ni zan amsa, ku ga yadda masu ilimi ke yi."

Rana ta uku ya yi wanka sau biyu, ya gyara ƙirji, ya tsaya a bakin tafki. Jama'a suka yi layi a bayansa da tulunansu. Sai Kada ya fito daga mota, ya ware hannu.

"A'a! Ashe da Shugaban Kwari zan gana? Ku kawo kujera! Ina mai hoto? Ranka ya daɗe, wa yake wanke maka wannan farar riga? Wallahi duk Tudu ba mai irinta."

Hankaka bai taɓa zama kan kujera mai laushi ba. Ya zauna, ya karkata ƙirji wajen mai hoto, ya ce, "Haka Allah ya yi ni."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya." Ya waiga ya kashe wa Jaki ido, wai ya fara da "ba".

"Ina labari?"

"Sai alheri."

"Ya fama da jama'a?"

"Sai haƙuri, Alhaji, ka san talaka."

"Ya mutanen Kwari gaba ɗaya?"

"Lafiya lau, lafiya ƙal..."

Ƙit.

Hankaka ya kama bakinsa da fukafukai biyu. "Alhaji, tsaya! Ban gama ba! Wannan gaisuwa ce, ai yanzu za mu shiga magana!"

Kada ya ce, "Mu a kamfani gaisuwar ita ce maganar. Ku ɗauke kujera."

Kafin azahar an kewaye tafki da waya, an sa mai gadi. Inna Tunkiya ta dubi tulunta, ta dubi Hankaka, ta ce, "Malam, ashe kai ma bakin yana riga ka?"

Bayan mako guda kamfani ya fara ƙulla ruwan tafkin a leda yana sayar wa mutanen Kwari. Sunan ruwan: Lafiya Lau. A jikin kowace leda ga hoton Hankaka kan kujera, ya turo ƙirji.

Jaki ya kawo masa ledar da wani ya sha ya yar. Ya ce, "Malam, ga aikin masu ilimi."

Hankaka ya daɗe yana kallonta. Hawaye suka cika idonsa, har jama'a suka fara tausaya masa. Sai ya ce, "Ku dubi zalunci! Sun rage mini farin ƙirji."

To, kun ji. In wanda ya cinye gonarka ya tambaye ka ya gida, kada ladabi ya amsa maka. Kuma wanda zai yi magana da yawunku, ku fara duba ko kujera yake so.

Ƙurunƙus, kan hankaka a jikin leda.