Safiyar da Cok Ya Tsinke

Ku gyara zama ku saurara, don in na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci.

A wani ƙauye kan tsaunukan Filato, inda sanyin damina ke shiga har ƙashi, akwai wata dattijuwa, Inna Yelwa, da 'ya'yanta uku: Sallau, Haladu da ƙanwarsu Kande. Noman dankali suke yi, suna kai shi kasuwa a tsohuwar akori-kura mai kabureta da mahaifinsu ya bari.

Wata safiya, bayan an kwana ana ruwa, ciwon asma ya taso wa Inna. Numfashi ya gagare ta, leɓɓanta suka fara baƙi, asibiti kuma yana can gangare. Suka kwantar da ita a gaban mota, Kande ta murɗa makulli. Shiru. Ta ja cok, sai wayar ta tsinke ta biyo hannunta. Ku da kuka tashi da motocin zamani ba ku san wannan ba: irin wancan inji, in ya kwana cikin sanyi, sai an rage masa iska fetur ya yi yawa sannan wuta ke kamawa. Aikin cok ke nan. Ta yi ta murɗa makulli har batir ya mutu, sai dai a tura motar ta tashi.

Sallau ya ɗaga bonet, ya cire tukunyar iska, ya hau ya zauna a gefen inji, ya rufe bakin kabureta, inda iska ke shiga inji, da tafin hannunsa. Ya ce, "Ni ne cok yau. Ku tura." Da injin ya yi atishawar farko, wuta ta yi baya ta lashe masa tafi. Ya cije leɓe ya mayar da hannun. Da injin ya kama kuwa, bai janye gaba ɗaya ba, sai ya riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan, fatar tana ƙuna, har injin ya yi ɗumi ya ci gaba da aiki da kansa.

Haladu shi ya tura. Motar tana cikin kwari, ƙafafunta sun nutse a laka, maƙwabta duk sun yi nisa da su. Ya sa kafaɗa shi kaɗai, da uwa da yaya da ƙanwa duk a kanta. Ya zame ya faɗi, motar ta dawo baya, ya tare ta da gadon bayansa. Da ya kai ta kan tudu ya sake ta, sai ya kife a wurin, kafaɗarsa ta goce.

Kande ce a kan sitiyari. Bonet a buɗe ya tare mata gaba, ga yayanta a kan inji, ga rami a gefen hanya. Ta leƙo da kai ta taga, ta jira motar ta ɗauki gudu, ta saki kuloci daidai lokacin da ya dace. Gangaren nan ɗaya ne, in ta kuskure ba mai sake turawa. Bayan Sallau ya sauka ya rufe bonet, ta ratsa wani rafi da ya cika, injin bai mutu mata ba, tana cewa, "Inna, riƙe ni, mun kusa."

Likita ya ce da sun ƙara jinkiri da gawa za su kawo. Inna ta warke ta dawo gida, ta tarar da ɗaya da hannu a naɗe, ɗaya da kafaɗa a ɗaure. Tana da karsana guda da ta raina tun tana maraƙa. Ta ce ba za a yanka ba, ba za a sayar a raba ba, ɗaya za ta ba, wanda ya fi ceton ranta.

To, jama'a, Sallau ne, Haladu ne, ko Kande? Wa za a miƙa wa igiyar karsanar nan?