Sarki Bagudu da Akushin da Ake Cinyewa

A wani zamani mai tsawo, tun ana auna girman sarki da yawan hayaƙin madafarsa, an yi wani sarki a Birnin Sansami, can bayan duwatsu masu jar ƙasa, sunansa Bagudu. Allah ya ba shi ƙasa mai albarka, alkama a fadamu, shanu a makiyaya, da 'ya guda tilo, Gimbiya Kuluwa, wadda kakarta ta rena a bakin murhu, domin tsohuwar ta ce 'yar sarkin da ba ta iya hura wuta ba kayan ado ce kawai. Sarki Bagudu ba azzalumi ba ne. Hali ɗaya gare shi mara kyau: ba ya son a ga abin da yake ci.

Wata rana ya fita farauta, rana ta take, ya sauka a gindin wata kanya aka ajiye masa akushi. Ya sa hannu ke nan sai ga wani tsoho da sanda, ƙafafunsa duk faso, ya yi sallama. To, ko yaron goye ya san abin da ake yi: ka amsa, ka ce bismillah, matso. Ya ci ko bai ci ba, ka fita hakkinsa. Sarki kuwa sai ya jawo faifai ya rufe akushin, sannan ya amsa sallamar.

Nan take tsohon ya yi ta tsawo har kansa ya wuce kanyar, ya ce, "Ya kai Bagudu, ni ne Zarkasu, sarkin aljanun wannan daji. A inuwata ka zauna, ka kuma rufe mini akushi. Daga yau duk lomar da ka kai baki rairayi za ta zama." Ya ɓace, faifan ma ya ɓace tare da shi.

Haka kuwa aka yi. Tuwo rairayi, nama rairayi, fura ma rairayi. Ruwa kaɗai ke wuce maƙogwaronsa. Bokaye suka yi turare, masu magani suka yi jiƙo, a banza. Sarki ya rame har zobensa yana zamewa daga yatsa, rawani ya fi ƙarfin wuyansa, fada ta yi tsit kamar gidan makoki.

Da Kuluwa ta ga ubanta zai mutu tana kallo, ba ta zauna kuka ba, don kuka bai taɓa cika ciki ba. Ta ɗaure dakuwa a gefen zane, ta nufi kanyar nan ita kaɗai. Ta zauna, ta kwance guzurinta, ta ɗaga murya ta ce, "Bismillah, duk wanda ke nan kusa."

Sai ga tsohon zaune a gabanta. Ya ɗauki dakuwa ɗaya ya ci, ya ce, "Yarinya, wa ya rene ki?"

Ta ce, "Kakata, ranka ya daɗe. Na zo neman ran mahaifina."

Ya ce, "Ba daga ubanki kika gado ba. To, saurara. Ki kawo abinci wanda akushinsa da marfinsa duk cinyewa ake, don kada a sami abin ɓoyewa. A sa nama a ciki, amma ba na mai ƙafa huɗu ba, gama su dabbobina ne; kaza kuwa ba ta kai mini haƙori. Kuma dole ubanki ya zo nan da kansa ya yi tayi. Ga faifansa. Tunda ya iya rufe abinci, yau ya yi aikin kirki: hau, zai kai ki inda kike so."

Kuluwa ta taɓa jin fatake suna labarin wani tsuntsu mai jan wuya da kumburi a ƙasar Rimaye, hayin babban kogi, wai talotalo, wanda ya ninka kaza sau da yawa. Ta hau faifan, ya tashi da ita sama da dazuzzuka da ruwa mai ambaliya, ya dire ta a wani lambu. A nan ta tarar da wani saurayi zaune yana cin abinci, talotalo suna kewaye da shi suna bajewa. Bai tambayi sunanta ba, bai tambayi daga ina ba, sai da ya tura mata kwano ya ce, "Bismillah, baƙuwa." Shi ne Yarima Nomau, ɗan sarkin Rimaye. Kuluwa ta riƙe wannan tayin a ranta.

Da ya ji labarinta ya ce, "Ya 'yar sarki, zaɓi wanda ya fi ƙiba, kyauta ne. Amma ki yarda in bi ki, domin yanka da haƙa ramin gashi aikina ne, kuma ina so in ga akushin da ake cinyewa."

Suka hau faifan da talotalonsu, suka sauka a gindin kanya da sanyin safiya, aka ɗauko Sarki a kan gado aka kwantar da shi a inuwa. Nomau ya yanka, Kuluwa ta fige, ta wanke da lemun tsami. Ta daka citta, masoro, kanumfari, tafarnuwa da gishiri, ta cuɗa da man shanu, ta tura hannu ta shafa har ƙarƙashin fata, don wadda ta shafa a bisa kawai wuta ta yi wa girki. Nomau ya haƙa rami ya hura itace, suka jira har harshen wuta ya kwanta, saura garwashi. Talotalo ba ya son gaggawa. Tana juyawa tana shafa mai, hayaƙi na cin idonta, har fatar ta yi ja tana sheƙi. Da ta sauke ba ta sa wuƙa ba, ta bar shi ya huta, ruwan jikinsa ya koma ciki.

Kafin nan ƙullin alkamar da ta kwaɓa tun safe ya tashi, ta gasa gurasa mai kauri, ta tsaga ta biyu. Ta ce wa Nomau, "Ga akushi, ga marfi." Ta shafe cikin da man shanu da garin ƙuli-ƙuli don kada romo ya jiƙa ta ta yi laƙwas. Ta shimfiɗa latas da ta tsane sarai, ta jera naman ƙirji siriri-siriri, ta ƙara na cinya don maiƙo, sannan tumatir, gurji, albasa, ta barbaɗa yaji, ta rufe, ta danna da tafin hannu. Ta durƙusa ta sa wa ubanta a hannu.

Sarki ya tattaro ƙarfinsa ya ce, "Ya Zarkasu, bismillah."

Shiru. Ya sake faɗa. Ko ganye bai motsa ba. Inuwa ta juya, la'asar ta yi, ƙanshi na ratsa shi, ba tsoho ba dalilinsa. Sai Sarki ya fid da rai. Ya dubi 'yarsa, idonta ja wur da hayaƙi. Ya dubi baƙon yaro, hannunsa duk ƙuna, tun safe babu wanda ya sa komai a baki.

Ya ce, "Kuluwa, 'yata, tawa ta ƙare. Amma abinci ba zai lalace a hannuna ba masu yunwa na tsaye. Ke da wannan bawan Allah kun sha wahalata. Ku matso, bismillah." Ya gutsura ya miƙa musu.

Sai aka ji dariya daga saman kanya. Tsohon ya sauko ya ce, "Tayin farko na tsoro ne, ban karɓa ba. Wannan shi ne tayi. Ni fa, Bagudu?"

Sarki ya raba abin da ya rage, ya ba shi babban, ya kai ƙaramin baki. Ya tauna. Gurasa ce, nama ne, yaji ne. Hawaye suka zubo masa har gemu, ya ce, "Alhamdu lillahi. Na gode wa Allah, na gode wa 'yata, na gode wa tsohuwar da ta rene ta, Allah ya ji ƙanta."

Zarkasu ya lashe yatsunsa ya ce albasa ta ɗan yi yawa, ya ɓace.

Sarki ya warke, fada ta dawo da hayaniyarta, kuma tun daga ranar a ƙofar gida yake cin abinci, akushi a buɗe. Da Nomau ya aiko neman aure, Sarki ya tambayi Kuluwa, ta ce, "Baba, mutumin da ya tura mini kwano kafin ya san sunana, me zan tsaya bincike?" Aka ɗaura aure, aka gasa talotalo har garin ya ɗauki ƙanshi, kowa ya ci da akushinsa da marfinsa, ba a bar wa kowa wanke-wanke ba.

Iyakar labarin ke nan. Wanda ya ji, in baƙo ya yi sallama, ya bar faifai inda yake.