Ɗan Dako a Bakin Gada

Akwai wani mutum a wani gari, sana'arsa dako. Tun yana saurayi yake ɗaukar kayan mutane daga kasuwa zuwa gidajensu, har gammo ya cinye gashin tsakiyar kansa. Bai iya karatu ba. A majami'a can baya yake zama, in an ɗaga waƙa sai ya bi ta da wata murya wadda Allah kaɗai ke jin daɗinta. Amma in maganar kaya ce, ba a ja da shi. Yakan ce kayan da mutum zai iya yini da su a ka sun ninka waɗanda zai iya ɗagawa shi kaɗai. Mutanen garin duk sun san haka, shi ya sa ba a jira a roƙe ka. In ka ga wani a durƙushe gaban kayansa, ko gaba kuke yi, sai ka kama masa ku ɗaga tare, sa'an nan kowa ya ci gaba da fushinsa.

Ana nan sai yaƙi ya ci ƙasar. Mayaƙa suka shigo garin, suka ƙone majami'a, suka ce duk wanda ba zai yi musun Ubangijinsa ba ya bar musu ƙasar kafin rana ta yi tsaka. Mutanen suka ce gara su tafi. Kowa ya ɗaure abin da kai zai iya ɗauka, yawanci hatsi, gama tafiyar kwana biyar ce cikin daji kafin a kai inda ake karɓar 'yan gudun hijira. Ɗan dakon ya ɗaure buhun dawa, matarsa ta cika masaki da wake ta kifa tukunya a kai, 'ya'yansu mata uku ƙanana suna biye. Abincinsu ke nan duka, ba su bar kome a baya ba, ba su kuma san abin da ke gaba ba.

Da suka iso gadar da ke kan iyaka, sai suka tarar shugaban mayaƙan ya tare hanya. Shi ma ɗan ƙasar ne, ya san kaya, ya san gammo, saboda haka ya san inda zai taɓa mutane ya yi musu ciwo. Ya sa kowa ya sauke a yi bincike. Da aka gama, ya hau kan wani dutse ya ce, "Kowa ya ɗora kayansa da kansa. Abin da ka iya ɗagawa naka ne, abin da ya gagare ka namu ne. Wanda kuwa ya taɓa kayan wani, nasa sun zama namu. Bari in ga zumuncin nan da kuke ta waƙa a kansa."

Ɗan dakon bai damu da nasa ba. Ya kai buhu gwiwa, daga gwiwa kafaɗa, daga kafaɗa ka, shekara talatin yana wannan. Matarsa ma ta yi ta maza ta ɗaga masakinta. Saura taki goma su hau gada, sai ya ga wata tsohuwa gwauruwa da jikokinta biyu. Ta kai buhun geronta gwiwa ya kuɓuce. Ta sake, ya sake kuɓucewa. A na uku ta faɗi zaune, mayaƙa suka kwashe da dariya. Sai ta fara kwance bakin buhun domin ta zubar da rabi a ƙasa. Mutanen da suka girma suna ɗora wa juna kaya suka kau da kai, kowa yana duban yatsun ƙafarsa. Kada ku yi saurin ganin laifinsu, kowannensu yana da bakin da zai ciyar.

Matarsa ta matso ta ce a hankali, "Baban Kyauta, na ga idonka. Don Allah ka dubi 'ya'yanka ka wuce."

Ya ce, "Na dube su. Su ma ni suke dubawa."

Ya sauke buhunsa a ƙasa, ko da yake tsoro ya kama shi ƙwarai. Ya je wurin tsohuwar ya ce, "Iya, ɗaure bakin buhun nan. Durƙusa, ki gyara gammonki."

Ta ce, "Ɗana, za su ƙwace naka."

"Na ji shi, Iya, ni ba kurma ba ne. Da sunan Ubangiji, tashi."

Suka ɗaga tare, buhu ya zauna daram a kanta. Kafin ya juya, mayaƙa biyu sun ja nasa sun kai gefe. Ya bi buhun da ido cikin baƙin ciki, domin dawar kwana biyar ce ta 'ya'yansa take tafiya. Shugaban ya yi murmushi ya ce, "Madalla. Yanzu sai ka wuce da kanka fayau, ka ci zumunci a hanya."

Ɗan dakon bai wuce ba. Ya tsaya yana duban tafin hannuwansa, can sai ya ɗaga kai ya ce, "Ranka ya daɗe, cewa ka yi wanda ya taɓa kayan wani, nasa sun zama naku. Nawa dai kun ɗauka. To, me kuma ya rage da za ku ɗauka?" Ya juya wajen jama'a ya ce, "Wa ke biye?"

Ya ɗora wa wata mai ciki. Ya ɗora wa wani makaho, da wani dattijo da suka shekara biyu ba sa ga maciji saboda iyakar gona. Yana yi yana faɗa kamar a kasuwa, wannan ya miƙe wuya, wancan ya daina kallon ƙasa. Da shugaban ya ga dokarsa ta zama abin wasa, ya diro daga dutsen, ya ɗaga gindin bindiga ya sauke masa a hannun dama. Kowa ya ji ƙarar ƙashin. Ɗan dakon ya durƙusa, duniya ta juya masa, ya daɗe bai iya numfashi ba. Da ya dawo hayyacinsa, ya rarrafa wurin kayan da ke biye, ya kama gefe ɗaya da hannun hagu ya ja. Kayan suka ƙi tashi.

Sai matarsa ta dire masakinta a gaban mayaƙan da kanta. Hawaye na zuba, amma muryarta ba ta rawa. Ta ce wa mijinta, "Matsa can, kai da hannu ɗaya me za ka iya? Kama nan, ni in kama nan."

Aka ɗauke masakin, ko waiwaye ba ta yi ba. Su biyu suka ci gaba da ɗorawa. Dariyar mayaƙa ta mutu, waɗansu ma suka sunkuyar da kai. Ban ce muku shugaban ya tuba ba. Ya zo ne ya kalli mutane suna yashe juna, kallon kuwa ya lalace masa. Ya tofar da yawu ya koma inuwa. Har mutum na ƙarshe ya haye, ba a bar kayan kowa a bakin gadar ba sai na mutum biyu.

Da la'asar suka yada zango ƙarƙashin wata tsamiya. Matar ta ɗaure masa hannun da kara da tsumman zane, tana yi tana masa faɗa. Ƙaramar 'yarsu ta ce tana jin yunwa. Matar ta dube shi ta ce, "To, Baban Kyauta, me za mu ba su?"

Ya ce, "Ban sani ba." Gaskiya ya faɗa, bai sani ba.

Suna cikin haka sai ga tsohuwar nan, buhu har yanzu a kanta. Ta wuce mutane da yawa da za su iya sauke ta. Ta tsaya a gabansa ta ce, "Wanda ya ɗora mini, shi zai sauke ni." Suka sauke ta, shi da matarsa. Ta kwance bakin buhun, ta shimfiɗa mayafinta, ta zuba gero tafi biyu a kai. Da ɗan dakon ya ɗaga ido, sai ya ga layi a bayanta har bakin hanya, kowa da kayansa a ka yana jira.

Ba su ƙoshi ba a kwana biyar ɗin nan, ba wanda ya ƙoshi, amma dukansu sun kai da rai. Hannun ya warke a karkace, bai ƙara yin dako ba. In aka tambaye shi ko ya yi da-na-sani, sai ya ce, "In sun sake tare gada, ina da na hagu."

Ma'anar wannan misali ita ce, mai tsananta mana ba hatsinmu yake nema ba. Hatsi yana da shi. Abin da yake so shi ne ya tsorata mu har kowa ya ce ta kaina nake yi, ɗan'uwa ya faɗi a gabanmu mu kau da kai. Kayan nan su ne wahalar da kowannenmu ke ɗauke da ita, yunwa, da makoki, da tunanin gidan da aka bari. Allah ya ba mu wuyan da zai iya tafiya da su, amma bai ba kowa hannun da zai ɗaga su shi kaɗai ba. Da gangan ya yi haka, domin mu nemi juna.

Ɗan dakon ya ji tsoro kamar kowa, kuma bangaskiyarsa ba ta dawo masa da buhunsa ko hannunsa ba. Kada wani ya ruɗe ku cewa mai taimako ba ya hasara. Yana yi. Ubangijinmu ma an tuɓe shi, an huda hannuwansa, da waɗannan hannuwa kuwa ya ɗauke mana nauyin da ya gagare mu. Wanda ya san wannan, in an ƙwace masa kome, sai ya ga ashe barazanar ce ta ƙare, shi bai ƙare ba.

'Yan'uwa, da yawa a cikinmu da ƙafa muka iso nan. Kai da ka sami ɗaki, akwai mai kwana a waje. Ke da aka ba ki mudu biyu, maƙwabciyarki ta yini ba ta hura wuta ba, kunya ce ta hana ta faɗa. Kada ku jira a roƙe ku, kada kuma ku tambayi mutum garinsu kafin ku kama masa. Sun ƙone gidajenmu, gaskiya ne, sun kuma ci gonakinmu. Amma ranar da za su ce sun ci mu, ita ce ranar da ɗayanmu zai durƙusa sauran su wuce. Wannan rana kuwa, da ikon Allah, za su tsufa suna jiranta.