Nomau da Waiwayen Barewa

Dalilin da ya sa barewa, idan ta firgita ta arce, ba ta yin nisa sai ta tsaya cak ta waiwayo, ku gyara zama ku ji shi, yara. Da can ba haka take ba. A wancan zamani, barewa in ta zura da gudu ba ta duban baya sai ta ƙetare daji ta faɗa wani. Maharbin da ya kuskure ta sau ɗaya, sai dai ya rataya bakansa ya koma gida.

A wani ƙauye da ke bakin daji akwai wani manomi ana ce masa Nomau. Wata shekara fara ta sauka ta cinye geronsu ƙarƙaf. A cikin wannan yunwa matarsa Tabawa ta haihu. Ba abin da take ci sai tafasa da rama, nono ya ƙi zuwa, jariri yana ta tsala kuka. Nomau ya shiga ɗaki ya fito, ya leƙa rumbu ko da ya san ba kome a ciki, ya zauna, ya miƙe. Da abin ya ishe shi sai ya nufi gidan kawunsa Barmo, tsohon maharbi wanda hannunsa ya fara rawa har ya daina shiga daji.

Ya ce, "Kawu, ara mini bakanka."

Barmo ya dube shi sama da ƙasa. "Kai da ko kaza ba ka taɓa jifa ka samu ba?"

"Mai jego ba ta da romo, Kawu."

Tsoho ya miƙe ya shiga ɗaki. Can ya sauko da baka da kwari, ya haɗa masa da 'yar jakar toka. Ya ce, "Ka riƙa zuba tokar nan kaɗan kana duban inda iska ta kai ta. Iska ta daki fuskarka, kada ta daki ƙeyarka, in ba haka ba warinka zai riga ka isa. Ka taka da gefen ƙafa. In barewa ta sunkuya ka matsa, in ta ɗaga kai ka zama kututture. Abu guda nake jiye maka, ɗana: ba ka iya tsayawa wuri ɗaya."

Gaskiyar tsoho kuwa. Ranar farko Nomau ya taka busasshen kirare, bareyi suka watse. Wata rana ya yi rarrafe har gwiwoyinsa suka cika da ƙarangiya, ya kusa isa ke nan fakara ta tashi fir a gabansa, ya zabura ya yi ihu. Wata rana kuma gaggawa ta sa ya manta da toka, ya bi iska, bai ga kome ba sai fararen gindinsu suna ɓacewa cikin gamba. Kullum ya dawo, kukan jariri ke tarbarsa tun daga bakin zaure.

Ran nan da hantsi ya hangi wata barewa ita kaɗai tana kiwo a gefen fadama. Ya zuba toka, iska ta dawo masa da ita fuska. Ya kwanta ya fara jan ciki. Tururuwa suka shiga rigarsa suna cizo, gumi yana shiga idonsa, ya daure. Ta sunkuya, ya matsa. Ta ɗaga kai, ya ƙame. Har ya kai bayan wata sabara inda yake jin ƙarar ciyawa a bakinta. Ya ɗana kibiya, ya ja tsirkiya. Amma gaggawa ta sake cin ƙarfinsa. Ya saki tun bai daidaita ba, kibiya ta wuce ta saman bayanta.

Barewa ta yi tsalle ɗaya, ta miƙe da gudu, ba ta waiwaya ba.

Nomau ya je ɗauko kibiyarsa yana zagin kansa, sai ya ji wani siririn kuka. Ashe barewar tana da ɗa, sabon haihuwa, ta ɓoye shi cikin ciyawa. Da ta gudu ya tashi zai bi ta, ƙafafu na karkarwa, ya faɗa cikin ƙaya ya maƙale. Nomau ya ciro shi. Ɗan abu ne, ko tukunyar miya ba zai cika ba. Ya zare wuƙa, ya mayar. Ya sake zarewa. Sai wata dabara ta faɗo masa: uwar za ta dawo. Ya ɗaure ɗan a gindin kalgo, ya laɓe da baka a hannu.

Zaman nan ya fi masa rarrafen wuya. Ƙafarsa ta yi sanyi ya canja, ya leƙa, ya koma, ɗan barewa na ta kuka irin wanda ya baro a gida. Sai da rana ta karkata sannan uwar ta ɓullo, baki duk kumfa, tana sansanar ƙasa tana kira. Nomau ya miƙe ya ja baka. Yanzu kam kusa take, ko makaho ba zai kuskure ba.

A lokacin dabbobi suna magana. Barewa ta ce, "Harba, ɗan Adam. Amma ɗan nan nawa ma ba zai daɗe ba a bayana."

Nomau ya ce, "Ni ma jariri na baro, uwarsa ba nono."

Barewa ta dubi ɗanta. "Sai da na ƙetare kogi sannan na lura ban ji takunsa a bayana ba."

Haushi ya kama Nomau. Ya ce, "Ai ke kika jawo mana! Da kin waiwaya sau ɗaya, da kin ga ɗanki ya faɗi. Ni ma da na sami damar ɗana wata kibiyar."

Barewa ta sake duban ɗanta. Sannan ta ce, "To mu yi haka. Ka kwance mini ɗana. Daga yau, ni da dangina duka, in mun gudu za mu tsaya sau ɗaya mu dubi baya. Mu mu ga 'ya'yanmu, kai kuma abin da ka iya yi da tsayuwar nan, naka ne."

"Kin san abin da kike ɗauko wa danginki kuwa?"

"Na sani. Waɗansunmu za su faɗi a wurin. Amma ba uwar da za ta ƙara barin ɗanta ba ta sani ba."

Nomau ya sassauta tsirkiya, ya kwance igiya. Uwa da ɗa suka shige ciyawa, shi kuwa ya koma gida hannu wofi. Tabawa ta dubi hannunsa, ta ce, "Sannu da dawowa, maigida," ta juya ta ci gaba da jijjiga yaro. Ya kasa gaya mata abin da ya saki.

Gari na wayewa ya koma. Ya tarar da garke, ya yi sanɗa, ya sake taka kirare yadda ya saba. Bareyi suka zura. Ya tsaya yana kallonsu, ransa a ɓace, sai ya ga sun ja sun tsaya, duk sun juyo da wuya. Iyaye suna duban 'ya'yansu. Wani tsohon namiji a gefe yana duban Nomau ido cikin ido. Wannan karon Nomau ya ja numfashi, ya daidaita, ya saki.

Da yamma Tabawa ta sha romo har gumi ya keto mata. Barmo ya zo da sandarsa yana ta tambaya, "Tsayawa fa ka ce ta yi? Barewa?" Nomau ya ɗaga kai kawai. Tsoka ɗaya ya iya ci, ya ture akushi ya fita waje.

Shi ya sa har yau, in kuka tashi barewa a daji, za ta ruga, ta tsaya, ta waiwayo. Ba ku take kallo ba, yara, ɗanta take nema. Maharbi kuwa ya san da wannan tsayuwa, ita yake jira.